Ƙugiya a Kan Harafin Farko

Shekara talatin da ƴan kai na yi ina riƙe da rajistar haihuwa a wani ofishin gunduma na ƙasar Dakoro, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa barin kundi a buɗe na fita ba, ko da alwala zan yi. Makullin kabad yana rataye a wuyana da igiyar fata, ƙarƙashin riga. Na fara da faɗin haka ne domin mai karatu ya auna nauyin abin da ya same ni a wata Litinin da Talatar da ta bi bayanta.

Lokacin da aka kawo mana ordinata, wato kwamfuta, ban yi murna ba, ban kuma yi gardama ba. Na zauna wata da watanni ina kwafe tsofaffin kundaye a cikinta, suna bayan suna. Abu ɗaya na nema: a ƙara mini kilabiye, wato jerin maɓallan rubutu, na Hausa a gefen na Faransanci da injin ya zo da shi. Maɓallan su ne dai, sai dai in na taɓa wata ƴar alama a ƙasan gilashin injin, su koma ba da haruffanmu masu ƙugiya. Ban yarda a rubuta sunan ɗan mutane da harafin da ba nasa ba. Abokan aiki sun yi ta dariyar wannan naci, ban kula su ba. A damina ta biyu bayan haka gara ta biyo ƙasan bango ta shiga kabad, ta cinye kundaye uku. Tun daga ranar, duk wanda aka haifa a waɗannan shekaru uku ba shi da wata shaida a ofishinmu sai wadda ke cikin injin.

A Litinin ɗin da nake magana, na buga takardar haihuwar wani jinjiri da bai cika wata biyu ba. Na karanta ta daga sama zuwa ƙasa kafin in ɗora hatimi, kamar yadda na saba. Da na kai layin ƙarshe sai hannuna ya tsaya. Kwanan watan da injin ya rubuta a matsayin ranar bayar da takarda ya girmi jinjirin da shekara biyu. Wato ofishina yana shirin shaida wa hukuma cewa ya tabbatar da haihuwar yaro tun kafin a ɗaura auren iyayensa. Na cire gilashin idona na goge, na sake dubawa. Rubutun bai canza ba.

Na nufi wurin da ake gyara saitin injin, wanda ake kira parametir, domin in mayar da kwanan wata daidai. Injin ya hana ni. Wani ɗan akwati ya fito yana cewa wannan aiki na administirata ne, mai iko da injin, in shigar da modepas ɗinsa, wato kalmar sirri. Na san injin yana da ƙofa biyu: ƙarama wadda nake shiga kullum, da babba ta administirata wadda ban taɓa kusanta ba. A tunanina makullinta yana can Maraɗi a aljihun wani babba.

Sai na kira matar da ke kula da injunan ofisoshi irin namu daga Maraɗi. Bazabarma ce mai kaifin kai, sa'ar ƴaƴana. Ni kuwa Bagobiri ne, don haka akwai wasa tsakaninmu tun kafin mu san juna. Hausarta ba ta da laifi, sai dai ƙugiya ba ta zauna a harshenta ba: ɗaki a bakinta daki ne, ƙofa kuma kofa.

"Baba Bagobiri," ta ce, "mi ka lalata mani yau?"

Na yi mata bayani dalla-dalla, na roƙi ta nemo mani kalmar sirrin daga wurin wanda ke riƙe da ita.

"Wace kalma? Babu kalma. Fita ka shiga ta babbar kofa. Kada ka rubuta komi, danna maballin shiga kawai."

Na ɗauka wasan nata ne. Na danna don in nuna mata kuskurenta. Ƙofar ta buɗe.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon gilashin ba. Shekara uku ina kulle kabad da makulli biyu, ina rufe taga, ina lulluɓe injin da zane kafin in tashi, alhali babbar ƙofarsa ko sakata ba ta da ita. Kuma ba kango na tarar a ciki ba. Fuskar gilashin cike take da hotunan raguna, wasu an ɗauke su daga gaba, wasu daga gefe. Ga bidiyon kokawa jere da jere. A tsakiyar wannan tarkace, tsakanin wani balami mai murɗaɗɗen ƙaho da wasan ƙarshe na wata gasa, ga rajistar haihuwa ta gunduma ɗungurungum, a buɗe ga duk mai yatsa.

Ba sai na yi bincike ba. Na san ragunan. Na abokin aikina ne mai kula da takardun filaye, wanda teburinsa ke fuskantar nawa. Na juya gilashin na nuna masa.

"A'a, Malam, ashe ba ka sani ba?" ya ce, yana ɓare gyaɗa. "Ai kowa ya sani. Har direba yana shiga."

"Kai ka taɓa kwanan wata?"

"Ran Asabar. Abin da nike kallon kokawa da shi ne ya ce wa'adinshi ya ƙare. Wani ya ce mani in ka mai da kwana baya sai ya ɗauka bai ƙare ba. Kuma wallahi ya yi aiki."

Ya faɗi haka da fara'ar wanda ya gano rijiya a daji. Na tambaye shi ko ya san cewa da kuskuren yatsa ɗaya zai iya shafe haihuwar mutanen ƙauyuka da dama. Ya ce shi bai taɓa ƴaƴan kowa ba, ragunansa kawai yake kallo. Ban ɗaga murya ba.

Na gyara kwanan wata, na sake kiran Maraɗi na ce ina son a sa wa ƙofar nan makulli yau, kafin la'asar. Ta nuna mani hanya mataki-mataki, sannan ta ba ni sharuɗɗa.

"Zabi kalmar da ba za ka manta ba har abada, wadda ba wanda zai yi zaton ta. Kada ka rubuta ta a takarda ka lika bayan kabad, na san halinku. Kada kuma ta fito daga bakinka, ko da matarka ce ta tambaya."

Ban yi dogon tunani ba. Akwai kalma ɗaya a duniya da ta cika waɗannan sharuɗɗa tun kafin a ƙera injin: sunan ɗana na fari. Shekararsa talatin ba ɗaya a lokacin, yana aikin jinya a Kornaka, yana da mata da ƴa, amma sunansa bai taɓa ratsa leɓena ba. Haka na taso na ga ana yi wa ɗan fari, haka ubana ya yi wa yayana. A gida "yaron nan" nake cewa, kowa ya san wanda nake nufi. Ranar da na sa shi a kundi, da hannuna na rubuta sunan, bakina a rufe. Na ga babu makullin da ya fi wannan. Na taɓa ƴar alamar nan, kilabiye ya koma na Hausa, na rubuta sunan sau biyu kamar yadda injin ya nema, da ƙugiyarsa a kan harafin farko, domin haka sunan yake. Don ƙarin tsaro na kwashe rajistar gaba ɗaya na mayar da ita bayan babbar ƙofa, inda ƙaramar ba ta kai. Na kashe injin, na lulluɓe shi, na tafi gida da natsuwar mutumin da ya sauke nauyi.

Washegari da safe na iske wani Bafillace zaune a kan benci a bakin ofis, sandarsa a kwance bisa gwiwoyi. Dattijo ne kamar sa'ana, daga wajen Korahane. Bayan mun gaisa ya ciro wata ƴar takarda daga aljihun gaba ya miƙo mani da hannu biyu. Rubutun daraktan makaranta ne: sunan yarinya, sunan uba, shekarar haihuwa.

"Yarinyar nan ce za ta yi jarrabawar brebe," ya ce. "An ce takardar haihuwarta ta ɓace cikin dosiye, ƙunshin takardunta na makaranta. Darakta za ya tahi da takardun yara bayan azahar. Wadda tata ba ta cika ba, sai baɗi."

Ban tambaye shi sunanta ba. Na daɗe a wannan aiki, na san ma'anar uban da ya zo da suna a rubuce. Ta fari ce. Na duba shekarar, na ga tana cikin ukun da gara ta cinye.

"Ba matsala, Malam," na ce. "Minti biyar."

Na cire zane, na kunna injin, na zaɓi babbar ƙofa, na rubuta sunan. Injin ya ce kalmar ba daidai ba ce. Na ɗauka yatsa ne ya zame, na sake. Ya maimaita. Na sake a hankali, harafi ɗaya bayan ɗaya, ina kallon kowane maɓalli. A gilashi ɗige-ɗige baƙaƙe kawai ke fitowa, ba ka ganin abin da ka rubuta. Ba daidai ba ce, in ji shi. Injin yana gaya mani ban san sunan ɗana ba.

Abokin aikina ya leƙo ta saman teburinsa.

"Makullin ya ƙi mai shi?"

Na sake buga kalmar, injin ya sake ƙi.

"Da ka bar mu da ragunanmu, da yanzu Baffa ya kama hanya."

Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne gaskiya ya faɗa. Jiya rajistar tana buɗe ga duniya, yau ni kaina na kulle ta ga mai haƙƙi.

Na kira Maraɗi. Na sa wayar a kan tebur da babbar murya, domin hannuwana su samu kilabiye.

"Kwana daya, Baba," ta ce. "Kwana daya tak na ba Bagobiri makulli."

"Ki bar wasa, ɗiyata. Akwai mutum zaune."

Ta bar wasan. Ta sa na duba ko ƴar fitilar manyan haruffa tana kunne. Ba ta kunne. Ta tambaya ko akwai lamba a cikin kalmar, domin a kilabiyen Faransanci lamba sai an haɗa maɓalli biyu. Babu lamba. Ta tambaya ko na bar fili a farko ko a ƙarshe. Na ce ban bari ba. Ta sa na kashe injin na kunna. Muka jira. Bai canza ba. Wutar lantarki ta ɗauke na kusan awa guda, muka zauna muna kallon juna, ni da Bafillacen. Bai yi gunaguni ba ko sau ɗaya. Inuwar itacen bedin da ke tsakar ofis kawai yake dubawa lokaci-lokaci, tana ƙanƙancewa.

Da wuta ta dawo na sake kira.

"Ina da abin da zan fasa kofar da shi," ta ce, "amma sai na zo da kaina. Jibi."

"Jibi ba ta da amfani."

"To fada mani kalmar. Watakila in ga abin da ba ka gani ba. In mun gama sai ka sake wata."

"Ke kika ce kada ta fito daga bakina."

"Ni na ce, ni kuma na janye. Fadi."

Na kau da ido daga wayar. Abokin aikina ya daina ɓare gyaɗa, ya kafa kunne.

"Baba, zagi ne? Sunan budurwa ne? Ba zan gaya wa Inna ba."

"Ba zan iya faɗi ba," na ce.

Bafillacen ya ɗago kai ya dube ni, kallo ɗaya, sannan ya mayar da idonsa kan sandarsa. Na tabbata a lokacin ya gane.

Ta ce to in aiko mata a rubuce ta salula. Wannan na iya. Na juya baya, na danna haruffan a ƴar tsohuwar wayata, na aika. Ban tsaya na lura da cewa wayar ba ta da haruffa masu ƙugiya ba, kuma abin da na aika da d ya fara, ba da ɗ ba. Ni da na shafe shekaru ina yi wa mutane faɗa a kan wannan bambanci.

"Ya iso," ta ce. "Ai suna ne kawai, ba wani abu mai wuya. Ka ce..." Sai ta karanta shi da ƙarfi, ta babbar muryar waya, da harshenta na Zabarmawa. Harafin farko ya fito a shimfiɗe, ba ƙugiya, sunan ya koma wani abu da ba na kowa ba.

"Ba haka ake faɗinsa ba," na ce. Kuma na faɗe shi daidai.

Sai da ya fita na ji shi. Muryata ce, a ofishin gwamnati, da rana tsaka, gaban baƙo da gaban mai raguna. Shekara talatin ba ɗaya na tsare wannan suna, ranar suna ban faɗe shi ba, ranar da ya kwanta ciwon sanƙarau yana ɗan shekara shida ban faɗe shi ba, ranar aurensa ban faɗe shi ba. Na zo na faɗe shi don gyaran harafi. Na ji kamar na fito kasuwa ba riga.

Abokin aikina ya san sunan, ya san kuma na wane ne. Ya sunkuyar da kai kan gyaɗarsa. Bafillacen ya miƙe a hankali, ya jawo gefen rawaninsa ya rufe kunne kamar mai jin iska, ya fita ya tsaya ƙarƙashin bedi yana kallon hanya.

Ita kuwa ba ta san abin da ya faru ba. Abin da ta ji dabam ne.

"Tsaya, Baba. Sake fadin farkon."

"Ba zan sake ba."

"Ba komi, na ji. Wannan harafin naku ne da ake hadiye shi. Jiya da ka rubuta, da wane kilabiye ka rubuta?"

"Da na Hausa. Da ƙugiyarsa, yadda ya kamata."

Ta yi dariya har sai da ta yi tari.

"Bakin kofar shiga bai san kilabiyen Hausa ba. Na Faransanci kadai gare shi. Ka kera makulli da karfen da babu shi a waje. Tun safe d kake bugawa, shi kuwa yana jiran mai kugiya."

Na dubi ƙasan gilashin. Ƴar alamar da nake taɓawa kullum ba ta nan. Ɗige-ɗigen sun ɓoye mani kuskurena, ni kuma ban neme shi a inda yake ba.

Gyaran bai ɗauki minti goma ba. Ta sa na shiga ta ƙaramar ƙofa, inda kilabiyen Hausa yake. Na taɓa alamar. Na nufi parametir, wurin da ake kula da masu shiga injin. Ɗan akwatin nan da ya tare ni jiya ya sake fitowa yana neman kalmar administirata. Wannan karon na rubuta ta da ƙugiyarta. Ya karɓa. Daga nan na sauya kalmar, na sa wata doguwa mai haɗe da lambobi, wadda kowane kilabiye zai iya bugawa, wadda kuma ba sunan kowa ba ce. Na fita, na shiga ta babbar ƙofa, ta buɗe. Rajistar tana nan yadda na bar ta.

"Sai ka kawo mani goro, bawana," ta ce.

Na ce mata Allah ya yi albarka. Ban iya mayar mata da wasan ba.

Na nemo yarinyar, na buga takardarta, na karanta daga sama zuwa ƙasa. Kwanan wata daidai yake. Na ɗora hatimi, na kai aka sa hannu, sannan na aika a kira uban. Ƙa'ida ce in karanta wa mai karɓa sunan da ke kan takarda domin ya tabbatar. Na karanta sunan ƴarsa da murya ƙasa-ƙasa. Ya dubi ƙasa.

"Ita ce," ya ce.

Ya naɗe takardar cikin leda, ya sa a aljihun gaba, ya dafa ta da tafin hannu. Ladan bai kira azahar ba tukuna, kuma akwai mai babur a bakin hanya da zai kai shi makaranta. A bakin ƙofa ya juyo.

"Malam, ni kunnena bai da kyau tun bara. In ana magana a waya ba ni jin komi."

Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Ya ce amin, ya tafi.

Abokin aikina ma bai taɓa tayar da maganar ba, kuma wannan ne ya sa na kwashe masa hotunan ragunansa a wani ɗan abin ajiya na ba shi, maimakon in shafe su kamar yadda na yi niyya. Bidiyon kokawar kam na shafe.

Da yamma a gida na kasa cin tuwo. Uwar yaran ta tambaye ni ko wani abu ya faru a ofis. Na ce injin ne ya ba mu wahala, an gyara. Ta ce yaron nan ya kira daga Kornaka, yana gaishe ni. Na ce ina amsawa.

Bayan ƴan watanni, da sakamakon jarrabawa ya fito, daraktan makarantar ya biyo ta ofis kan wata buƙata, ya shaida mani cewa takardar ta iso a kan lokaci kuma yarinyar ta ci. Ya kawo ƙwaryar nono da cuku, ya ce uban ne ya aiko, a ba malamin rajista.